Sammacin Arzika

Ni na kai sammacin.
Shekara goma sha bakwai ina masinjan kotu,
na san ƙofar da ake bugawa da ƙarfi,
na san wadda ake yi wa sallama a koma gefe a jira.
Ta Arzika a Gidan Igwai ba ta da ƙyaure,
buhun albasa aka tsaga aka rataya.

Ya fito da rediyo a hammata,
rediyon da ya ja masa.
Daren Laraba, a shirin da ake buga waya,
ya sa katin ɗari biyu ya ce:
"Fadamata ta Kwalkwalawa shekara tara tana kotu.
Alƙali ukku sun zauna kanta sun tashi.
Wanda na kai ƙara ya mutu, ɗansa ya gaji gardamar.
An ce fayil ya ɓace.
To ku gaya mini, ƙafa gare shi,
ko sai an shafa masa mai yake fitowa?"
Nan kati ya ƙare.
Maganar kuwa ta kwana tana tafiya,
'yan kabu-kabu suka goya ta kyauta
daga Shagon Goro har Kara.

Ya ce in karanta masa, boko bai zauna masa ba.
Na karanta: raina kotu,
zubar da mutuncin shari'a a bainar jama'a.
Ya ce yaushe za a zauna?
Na ce Litinin.
Ya lanƙwasa yatsu huɗu, ya dube su,
ya ce, "Ashe tana da sauri."

Alƙalin ba azzalumi ba ne, zan rantse.
Na ga ya mai da ragon da aka kai masa ana gobe Sallah.
Ya cire tabarau ya ce, "Kana da shaidar cin hanci?"
"Ba ni da ita, ranka shi daɗe. Shekara tara gare ni."
"Shekara ba shaida ba ce.
In kowa ya watsa wa rijiya ƙasa don guga ta yi jinkiri,
ran ƙishirwa ina za a sha?
Ranar da mutane suka daina yarda da ɗakin nan,
adda za su koma wa."
Gaskiya ya faɗa.
Na dubi Arzika, shi ma ban ga ƙarya a bakinsa ba.
Fanka tana ta juyi, iska ba ta sauko ba.

Wata guda, ko tarar dubu hamsin,
da neman afuwa a inda aka yi laifin.
Ya sayar da albasarsa tun ba ta yi tsada ba.

Yanzu saura abin da ban gaya wa kowa ba.
Teburin rajista ƙafarsa ɗaya gajera ce.
Shekarar da ruwa ya shiga ofis ya riƙa rawa,
magatakarda ya daka mini tsawa in gyara,
na miƙa hannu, na jawo abin da ya fi kusa,
na ninka, na cusa.
Ba mai aka nema ba, Arzika.
Ba a sami wanda zai sunkuya ba ne.
Ni da nake sunkuyawa kullum da tsintsiya
na ga rabin sunanka yana leƙowa,
na tuna wanda za a tambaya,
na share gefensa na wuce.

Laraba ta zagayo, na kunna nawa rediyon.
Muryarsa ta fito a hankali kamar mai taka ƙaya:
"Ni Arzika ina neman afuwar kotu mai daraja."
Sau biyu ya faɗa, don layin ya yanke.

Da sassafe na riga kowa zuwa.
Na durƙusa, na ɗaga, na zare.
Teburin ya karkata, tawada ta bi ƙasa.
Gara ta ci shafin farko da iyakar yamma,
ta bar hatimi lafiya lau.
Ina riƙe da shi har yanzu,
ga takun magatakarda a baranda,
kuma ban san wa zai kai mini nawa sammacin ba.